Lambun da Aka Hana Bushewa

Ku gyara zama, ga labari nan tafe gare ku. Ba irin wanda ake ji a yi dariya a watse ba ne, domin a ƙarshensa akwai shari'a, kuma ku ne alƙalanta.

A wani gari da ake kira Kwarin Maje akwai gidan marayu, can gefen gari inda kwalta ta ƙare. Gidan ba shi da gona, ba shi da shago, babu kuma wata hukuma da ta ɗauki nauyinsa. Abin da hannun jama'a ya miƙo shi ake ci. Idan azumi ya kama, motoci sukan yi layi a ƙofa, a sauke buhunan shinkafa da kwalayen taliya, a jera yara a rana bisa tsayinsu, a ɗauke su hoto da mai bayarwa a tsakiya yana murmushi. Da zarar an yi Salla kuwa, sai ƙofar ta koma tamkar ta gidan da aka yi ƙaura. Masu alherin garin suna tuna maraya wata guda, su bar shi da cikinsa sauran watannin shekara.

Matar da ke riƙe da gidan sunanta Malama Barira, doguwar mace mai ƙarancin fara'a, wadda ba ta iya roƙo da sunkuyar da kai ba. Tun a shekararta ta farko ta lura cewa shinkafa da taliya suna cika ciki, amma ba sa gina jiki. Gefen bakin yara yana tsagewa, wasu kuma dundumi ya kama su, har idan magariba ta yi sai sun dafa bango kafin su kai ɗaki. Ma'aikaciyar asibiti ta gaya mata maganin abin ganye ne. Amma babu mai kawo wa marayu ganye, domin ba a taɓa ganin attajirin da ya tsaya hoto rungume da damin alayyafo ba.

Saboda haka ta je wurin wani dattijo, Alhaji Mamuda, mai filin da ke bayan katangar gidan. Ya saurare ta, ya aika aka kira dagaci, ya ce a gabansa: "Na ba marayu aron filin nan. Muddin akwai kore a cikinsa suna ci, ba ni ba 'ya'yana. Ranar da aka bari ya bushe, ya koma gida." Ya buɗe musu hanyar ruwa daga ƙorama ta ratsa gonarsa, ya kuma haɗa su da tsohon mai lambunsa, Baba Nomau, wanda tun yana saurayi yake yi masa aiki, yake kuma kwana a wani ɗaki a gidansa.

Ga al'adar garin, filin aro yana da dokoki uku da kowa ya sani. Ba a dasa itace a cikinsa, ba a haƙa rijiya, ba a gina katanga, domin waɗannan su ne alamun mallaka. Barira ta kiyaye su. Lambu ya yi kyau, aka ci alayyafo da kuɓewa da karas da kabewa, bakin yara ya warke, dundumi ya bar gidan.

Ana nan sai Alhaji Mamuda ya rasu. Gari ya riga ya miƙo ƙafa zuwa wannan gefen, filaye sun yi daraja, babban ɗansa Alhaji Sabi'u kuwa yana son ya jera shaguna a wurin. Ba zai iya karya maganar mahaifinsa ba, tunda an yi ta gaban dagaci. Amma ya ga ba sai ya karya ta ba. Abin da yake buƙata kawai shi ne lambun ya bushe. Ya jira har rani ya yi nisa, bazara ta kunno kai, sannan ya sa aka toshe hanyar ruwan, ya ce gonarsa ce, gini zai yi.

Barira ta kai kuka gaban kwamitin gidan, wato manyan garin da sunayensu ke jikin allon ƙofa. Shugabansu ya gyara babbar riga ya ce, "Malama, Alhaji Sabi'u yana cikin masu kawo mana buhuna da azumi. Kada ki ɓata mu da manya saboda ganye."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, buhunansa kan ƙare kafin Babbar Salla. Ganyen nan kuwa kullum ake cinsa."

Ya ce, "Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Haƙurin na yara ne, ba nawa ba, kuma ba su aiko ni in bayar da shi ba."

Ta fito ta yi wa kanta alkawarin cewa filin nan ba zai bushe ba kafin ruwan sama ya sauka, ko da ita kaɗai ta rage a kansa. Ita da manyan yara suka riƙa jigilar ruwa a bokiti daga famfon cikin gari, amma abin da suke iya kawowa bai wuce ya raya fangali guda ba, wato ɗan ƙaramin yanki ɗaya na shuka. Sauran lambun ya soma ƙonewa a gaban idonta.

Na farko da ta nema shi ne Sallau, mahaƙin rijiya, mutum mai ƙarfi da yawan barkwanci, mai mata da 'ya'ya ƙanana. Ta gaya masa gaskiya cewa ba ta da abin ba shi sai tuwon rana. Ya yi dariya ya ce, "Tuwon marayu, Malama? Ashe so kike Allah ya kama ni. Zan zo da ƙunshina." Ya zagaya wurin, ya ce tunda an hana haƙa a filin aro, zai haƙa a cikin katangar gidan, inda ƙasa ta marayu ce halak malak, ruwan kuma ya bi ta rariya ya fita lambu. Ya kafa diga. Ya wuce jar ƙasa, ya tarar da marmara mai taurin da ke mayar da diga baya, ya yi ta saranta a cikin zafin bazara har tafin hannunsa ya fashe. Da ya kai ga yashi, ya ce ana buƙatar siminti a ɗaure bangon rijiyar. Barira ta koma wa kwamiti, suka ce za su zauna a kai. Sallau ya dubi fangalin da ya rage yana yaushi, ya ce zaman manya ba zai jira shi ba, ya koma ciki haka nan. Wata rana da hantsi bangon ya zubo masa a ƙafa. Da kyar aka ciro shi, maɗori ya ɗora ƙashin, ya ce kada ya taka ƙasa sai ya warke. Bai ji ba. Ya sa aka riƙa zura shi a cikin kwando da igiya, yana haƙa daga zaune, har ranar da laka ta fito a bakin diga, ruwa ya biyo bayanta. Ƙafar ta warke a karkace. Mahaƙin rijiya kuwa da ƙafafunsa yake sauka yake hawa, yana dogara su a ramukan bango, saboda haka daga wannan rijiya babu wanda ya sake kiran Sallau aiki.

Murnar ruwan ta sa aka yi kuskure. Ba wanda ya tsaya ya ɗanɗana shi. Yara suka yi ta ja da guga suna kwarara wa fangalin nan, sama da ƙasa, har da ganyensa. Ashe ruwan zartsi ne, mai gishiri-gishiri a harshe. Kafin a farga, farin ɓawo ya rufe ƙasar, alayyafon ya yi rawaya ya kwanta. Labari ya kai kunnen Alhaji Sabi'u, ya aika wa dagaci cewa ya zo ran kasuwa ya gane wa idonsa cewa babu sauran kore a filin. Barira ta tsaya a tsakiyar lambun, ga rijiya cike, ga mutum ya nakasa a kanta, ga ƙasa fara fat. 

Ta biyu ita ce Kuluwa, bazawara da ke zuwa wankin kayan yara. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ƙanensa kuma ya ara mata ɗan fili a bayan ɗakinta, inda take shuka rama da yakuwa da lalo, tana yin kwaɗo tana sayarwa, da shi take ciyar da gidanta. Ta ɗebi ruwan rijiyar a tafin hannu ta kurɓa, ta tofar, ta ce a ƙauyensu da irinsa suka tashi. Alayyafo ba ya jure masa, iri kuma ba ya tsira a cikinsa, amma rama da yakuwa da suka riga suka yi saiwa suna iya rayuwa, idan aka dasa su da ƙasarsu, aka cika taki, aka riƙa ba su ruwan ta gindi da yamma ba tare da ya taɓa ganye ba. Barira ta ce, "Yaya Kuluwa, a ina za mu sami dashen da ya yi saiwa a tsakiyar bazara?" Kuluwa ta ɗauki daron wankinta ta tafi gida. Da ta dawo, daron cike yake da ramarta, kowace da dunƙulen ƙasarta a gindi. Haka ta yi ta kai da kawowa, daro a ka, har ta kwashe bayan ɗakinta tas. Ta kankare farin ɓawon, ta ɗebo kashin awaki daga kasuwar dabbobi ta zuba, ta dasa fangali bayan fangali. Sannan ta mayar da wurin alwalar yara bakin lambu, domin ruwan daɗin da ake ɗebowa daga famfo ya gangara gindin shuka, ya rage kaifin zartsin. Ran kasuwa dagaci ya zo, ya ga rama tsaye tana kaɗawa, ya juya ya tafi. Amma ƙanen mijin Kuluwa ma ya ga bayan ɗakinta babu ko tsinke, ya ce tunda ta kwashe, alama ce ba ta buƙata. Ya kafa turaku ya ɗaure ragunansa a wurin. Dokar da ta je ta kare marayu daga gare ta, ita ce ta cinye ta a gida, sana'arta kuma ta mutu.

Alhaji Sabi'u bai haƙura ba. Kowa ya san da damina ake ɗaure dabbobi, da rani kuwa sakinsu ake yi, kuma abin da suka ci babu ramuwa, domin mai lambu ne aka ɗora wa nauyin kare lambunsa. Sai ya ba wani dillalin awaki aron gonar da ke maƙwabtaka da lambun, aka zuba garke a ciki. Dangar lambun ta kara ce, karan da kansa abincin awaki ne. Katanga kuwa an hana.

Na uku shi ne Baba Nomau, wanda ya tsufa har bayansa ya ranƙwafa. Ba wanda ya roƙe shi. Ya ɗauki gatari da igiya ya nufi daji, ya saro ƙayar magarya da farar ƙaya, ya riƙa janyo su a ƙasa, domin ba ya iya ɗaukar kaya a ka. Reshe bayan reshe ya kewaye lambun da shinge, hannuwansa duk tsaga. Alhaji Sabi'u ya aika aka kira shi.

Ya ce, "Baba Nomau, a gidan wa kake kwana?"

Tsohon ya ce, "A gidan Alhaji."

Ya ce, "Alhaji ya rasu. Gidana ne yanzu, ba kuma zan ajiye wanda ke yi mini shinge a gaba ba."

Tsohon ya ce, "Sabi'u, ni na goya ka zuwa lambun gidanku kana kukan gwaiba. Mahaifinka ya ce in kula da lambun marayu, bai dawo ya ce in bari ba."

Kafin la'asar aka fito masa da tabarmarsa da butarsa da ɗan akwatinsa, daga ɗakin da ya shiga da baƙin gashi. Ya kafa rumfar kara a ƙofar lambun ya zauna. Daga nan aka koma wata dabara: duk ranar Juma'a, idan maza sun tafi masallaci, sai a sami wanda ya janye reshe guda daga shingen, awaki su doshi kafar. Baba Nomau, wanda aka san shi da sahun gaba, ya je ya tambayi liman, liman ya ce mai tsaron amanar da ake tsoron halakarta yana da uzuri. Ya riƙa yin azahar ɗinsa a bakin shinge, sanda a gefe. Liman ya ba shi uzuri, amma bakin gari bai ba shi ba. Aka riƙa cewa ga tsohon da ya sayar da Juma'a da yakuwa, tsararrakinsa suka daina matsa masa a tabarmar hira. Duk da haka, akuya ko ɗaya ba ta sa baki a ganyen marayu ba.

A haka hadari ya taso daga gabas, ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Dagaci ya tara jama'a a bakin lambun ya ce an gwada filin nan ta kowace hanya bai bushe ba, saboda haka yana nan a hannun marayu, duk wanda ya sake taɓa shi kuma da hakimi zai yi magana.

Alhaji Sabi'u mutum ne mai lissafi. Da ya ga fili ya kuɓuce, sunansa kuma yana neman bin bayansa, sai ya zo da mota da mai ɗaukar hoto. Ya tsaya a tsakiyar ramar Kuluwa, kusa da rariyar Sallau, a cikin shingen Baba Nomau, ya sanar cewa don girmama mahaifinsa zai gina ɗaki guda a cikin gidan marayun, ya ɗauki nauyin ci da albashin mai lambu ɗaya. Kwamiti ya yi tafi, aka kafa allo mai sunansa a ƙofar lambun.

Barira ta ce, "Mutum uku ne suka yi aikin nan, ranka ya daɗe."

Shugaban kwamiti ya ce, "Ɗaya Alhaji ya ce. Ke kika san su, ki kawo mana suna."

Ta so ta mayar masa da kyautarsa a gaban mai hoton, ta kuma san idan ta yi haka zuciyarta ce za ta yi sanyi, su ukun kuwa su tashi babu ko ɗaya. Ta nemi a raba, Alhaji Sabi'u ya ce suna ɗaya zai sa hannu a kai, abin da ya yanka ɗin ma da kyar zai riƙe gida guda, ɗaki ɗaya kuma ba zai ɗauki tsoho da bazawara da magidanci ba. Ta bi gidajen masu hali ƙofa ƙofa tana neman wanda zai ɗauki sauran biyun. Ba watan azumi ba ne, aka ce ta dawo idan ya kama.

Da ta rasa hanya, ta same su a rumfar Baba Nomau da yamma ta gaya musu yadda ake ciki. Sallau ya miƙe karkatacciyar ƙafarsa ya ce, "Malama, ba zan yi miki kunyar ƙarya ba. Ina so. Matata ce ke surfe a gidajen mutane muke ci."

Kuluwa ta ce, "Kowa yana so, Sallau. Kai ne dai bakinka ba shi da ƙyaure."

Ya ce, "To ke faɗi naki mana, uwar rama."

Ta ce, "Nawa raguna na kwance a kai, me zan faɗa?"

Baba Nomau yana gyara ƙotar fartanya, bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ni dai, 'yata, kada ki ba ni don na tsufa, kada kuma ki hana ni don na tsufa. Ki auna aikin."

Barira ta fita ta tsaya a bakin rariya tana kallon ruwa yana shiga fangali, tana aunawa. Ba don Sallau ba, da babu ruwan da zai kai lambun ga damina, da dashen Kuluwa ya bushe a ranar da aka kawo shi. Shi kuwa ya bar ƙafarsa da sana'arsa a cikin rijiyar. Ba don Kuluwa ba, da ruwan Sallau ne da kansa ya kashe lambun, da dagaci ya tarar da farar ƙasa ran kasuwa, magana ta ƙare tun a nan. Ita kuwa ta tumɓuke abincin 'ya'yanta da hannunta ta dasa wa 'ya'yan wasu. Ba don Baba Nomau ba, da ruwan da ramar duk sun ƙare a cikin awaki a Juma'a guda; shi kuwa ya rasa makwancinsa da mutuncinsa a cikin tsararrakinsa, a shekarun da ba a sake gina ko ɗaya daga cikinsu. Gobe kwamiti zai zauna, suna ɗaya kuma suke jira daga bakinta.

Kada wani a cikinku ya ce a riƙe su duka uku. Barira ta riga ku faɗa, a gaban waɗanda ke da ikon yin hakan, suka ƙi. Kada kuma a ce laifin Alhaji Sabi'u ne da kwamiti, domin wannan ba ya buƙatar muhawara, kuma faɗarsa ba ta ba kowa ɗaki. Ɗaki ɗaya ne, aiki ɗaya ne, mutum uku ne a rumfa.

To, jama'a, tsakanin mai rijiya da mai dashe da mai shinge, sunan wa Barira za ta kai?